Sunan da Na Jefa a Ruwa

Litinin, 3 ga wata, da hantsi

Nas ɗin ƙaramin asibitin unguwa ce ta ce in sayi littafi in riƙa rubuta abin da jikata take yi kullum, wai likita zai so ya gani. To ga littafi na saya. Ni Warsiti, da na bar makaranta a aji huɗu don malamin ya ce bakina ya fi allona aiki, yau ni ce marubuciya.

Abin da ta yi yau: ta tashi, ta zubar da shayi, ta hau bishiyar gwaba da kayan makaranta, ta sauko, ta tauna wuyan rigarta har ya jiƙe, ta yi kuka a ƙofar makaranta tana riƙe da zanena kamar za a yanka ta. Likita, in kana son sani, jiya ma haka, gobe ma haka. Ka kwafe sau talatin ka hutar da ni.

Shekararta shida. Sunanta Maheswari Anindya Pramesti, kuma ba ni na zaɓa ba. Uwarta, 'yata Sulis, shekara uku ke nan tana Taiwan tana wanke tsohuwar wasu, ta bar tata tsohuwar tana soya tempe, wainar waken soya, a bakin titi. Ubanta kuwa, littafin nan da kuɗina na saye shi, ba zan ɓata masa shafi ba.

Malamar ajinsu ta ce yarinyar ba ta iya zaman minti biyu, in an kaɗa ƙararrawa sai ta shige ƙarƙashin tebur ta toshe kunne. Ta ce akwai masu gyara irin wannan da wasa da hira. Na ce, Bu Guru, wato Malama, wasa da hira ai su muke yi a gida tun asuba, kyauta. Ba ta yi dariya ba. Masu karatu da yawa haƙoransu tsada gare su.

Babban asibiti ya ba mu Alhamis, ashirin ga wata. Wai ma mun yi sa'a, wani ne ya fasa.

Laraba, 5 ga wata, bayan Azahar

Na kai ta wurin masu gyaran nan masu zaman kansu a cikin birnin Solo, in ji farashi kawai. Sanyin ɗakin kamar wurin ajiye kifi. Wata 'yar kwalliya a bayan tebur ta dubi takalmina kafin ta dubi fuskata, sannan ta ce zama ɗaya rupiya dubu ɗari huɗu, sau biyu a mako, ban da kuɗin gwajin farko.

Na leƙa ta gilashi in ga abin da ake saya. Yaro ne a cikin kwandon ƙwallaye, wata tana tafa masa. Na ce, Mbak, haka muke kiran budurwa, in na kawo ƙwallayena daga gida nawa za a rage? Ta ce ba a ragi. Kafin mu fito Maheswari ta riga ta tsinke ganye uku daga furen robarsu. Ban hana ta ba.

Asabar, 8 ga wata, da safe

Ta jiƙa shimfiɗa. Na ce mata ruwan sama ne ya shigo ta taga ya zaɓi gefenta. Ta ce to me ya sa yake wari. Na ce sama ma tana cin albasa.

Lahadi, 9 ga wata, bayan La'asar

Sulis ta kira. Yarinyar ta ƙwace waya ta zagaya tsakar gida da ita sau goma, tana nuna wa uwar kaji da bokiti da hancinta. Da suka gama, Sulis ta ce in shiga ɗaki.

Ta ce malamar ta rubuta mata. Ta ce Bude Harni, gwaggon yarinyar, yayar wannan mutumin da ba na rubuta sunansa, ta yi tayin ɗaukar yarinyar zuwa Semarang, gidanta kusa da likitoci, mijinta ɗan fansho.

"Mak, in watan nan ya ƙare ba a fara mata komai ba, Bude za ta zo ta ɗauke ta. Ba fushi nake ba. Daga nan ba abin da zan iya sai wannan."

Na ce Harni da ko kyanwa ba ta taɓa raino ba. Ta ce Harni ba ta tsorata yara da labarin mace mai dogon gashi a kan bishiya. Wa ya kai mata wannan maganar? Sau ɗaya ne fa. Ko sau biyu.

Yarinyar nan tun tana wata takwas a bayana take barci. Shi ke nan abin da zan ce.

Talata, 11 ga wata, da hantsi

Bu Darmi mai kanti ta tsaya sayen tempe, ta ɗauki biyar ta biya huɗu kamar kullum, ta tsaya kallon jikata tana tsalle daga dakali zuwa buhun gawayi. Ta ce, Mbah, wato Kaka, kin san dai ciwon nan ba na asibiti ba ne, suna ne ya yi mata nauyi.

Ban so Darmi ta riga ni faɗa ba, amma tun ranar suna nake wannan tunanin. Sunaye uku na 'ya'yan sarauta a kan jaririya mai nauyin kaza ɗaya. Ai ko jaki aka ɗora wa buhu uku sai ya yi ta rawa. A ƙauyenmu yaro in ya cika ciwo ko firgita, sauke masa sunan ake yi a ba shi mara nauyi. Ƙanena da aka haifa da sunan wani jarumi bai yi tafiya ba sai da aka mai da shi Slamet, wato lafiya. Yau shi ne mai babur uku.

Ba zan fasa asibiti ba. Amma wanda ya kunna fitila biyu bai yi laifi ba.

Alhamis, 13 ga wata, bayan La'asar

An yi. Na dama kunun shinkafa fari da ja, na jan da sukarin kwakwa, na aika gida bakwai. Limamin layinmu ya zo ya yi addu'a. Ya tambaye ni ko uwarta ta sani, na ce za ta sani. In bai ji "za" ɗin ba, ba kunnena ba ne.

Sabon sunanta Tentrem, wato natsuwa. Sunan kakata ne, matar da tana iya zama tun safe har yamma ƙuda bai tashi daga kanta ba.

Sai na ƙara wani abu da ba ya cikin al'ada, don armashi. Na rubuta tsohon sunan a takarda, na naɗe a ganyen ayaba, muka je rafin da ke shayar da gonakin shinkafa. Na ce, Nduk, wato 'yar lele, ga Maheswari nan, ta gaji da hawan gwaba, za ta tafi teku ta dami kifaye. Na jefa. Ruwa ya tafi da shi.

Ta tsaya tana kallo har ya sha kwana. Ta ce, "Mbah, ba za ta dawo ba?"

Na ce ina, ai teku ba ta mayar da aro.

Asabar, 15 ga wata, da rana

Likita, ka ajiye alƙalaminka. Kwana biyu ba gwaba, ba zubar da shayi. Tana zaune a bakin ƙofa kamar an dasa ta. Na aika wa Darmi tempe biyar, wannan karon da sanina.

Litinin, 17 ga wata, bayan Azahar

Ba ta cin abinci sosai. Zafi ne.

Jiya Sulis ta kira, yarinyar ta ƙi karɓar waya, ta shige bayan tulu. Na ce wa Sulis barci take. Wuyan rigar makaranta ya huje, sai na saka faci. Malamar ta ce ba ta amsa kiran suna a aji. Na ce wane sunan kika kira? Ta dube ni. Na ce ba komai.

Kullum a bakin ƙofa, fuskarta tana kallon titi. Natsuwa dai aka ce. Ai ita muka roƙa.

Alhamis, 20 ga wata, da yamma

Mun je asibiti. Mun dawo.

Juma'a, 21 ga wata, da hantsi

To bari in rubuta, tunda ba mai karantawa.

Mun isa gari bai gama wayewa ba, muka tarar da mutum ya fi ɗari, kowa da yaro da jakar takardu. Benci ɗaya na mutum huɗu, mu takwas a kai. Wari kala uku: maganin goge ƙasa, amai, da man zafin da kowace tsohuwa ta shafa, har da ni. Ta lasifika suke kiran suna, muryar kamar ana magana cikin gwangwani.

Na riƙe fitsari tun daga gida har sha ɗaya. Da ya zo mini wuya na ce wa matar da ke gefena, Bu Tumini, wadda ta kawo 'yarta, ta sa mini ido a kan jikata. Ta tambaye ta sunanta, yarinyar ta yi shiru, ni da bakina na ce Tentrem. Na tafi. Ban-ɗaki biyu, ɗaya a kulle, ɗayan ba zan kwatanta shi ba don littafin nan a kicin nake ajiye shi. Layin mata goma sha.

Da na dawo, sai na ga an shiga da wadda ke bayanmu.

Tumini ta ce an kira wani dogon suna sau uku. Nas ma ta fito da takarda tana bin benci, ta tsaya a kan jikata ta ce, ke ce Maheswari? Yarinyar ta ce, "Ba ni ba ce. Ta tafi teku." Ita kuma Tumini ta tabbatar wa nas ɗin cewa wannan Tentrem ce, kakarta ta faɗa.

Shekara shida ban taɓa ganin ta zauna wuri ɗaya ba. Rana ɗaya tak da nake so ta yi tsalle ta ce ga ni, ta zauna kamar dutsen niƙa.

Na roƙi ma'aikaciyar da ke tagar karɓar kati. Na kira ta 'yata, na kira ta ranki ya daɗe, na kira ta wani abu kuma da ba zan rubuta ba. Ta ce likita ya cika adadinsa, sabuwar rana sai bayan wata biyu. Ko kai ba ta ɗaga ba.

Tir da lasifika, tir da ban-ɗaki, tir da Darmi.

Lahadi, 23 ga wata, bayan La'asar

Na gaya wa Sulis an ɗage ranar. Ban yi ƙarya ba, an ɗage. Ta ce to Bude za ta zo Lahadi mai zuwa. Ta ce a ba ta yarinyar. Na ce tana wanka.

"Mak, kullum barci ko wanka. Me kike ɓoye mini?"

Na ce layin ne ba kyau.

Talata, 25 ga wata, da safe

Ta rame. Na yi mata labarin ɓera mai sayar da takalmi, wanda da take faɗuwa ƙasa don dariya. Ta saurara kamar mai jin wa'azi. Na kira ta Tentrem, ba ta juyo ba. Na gwada ɗayan a hankali, ta toshe kunne.

Yanzu ina da jika mara suna.

Laraba, 26 ga wata, bayan Azahar

Ina wanke zanen da na sa ranar asibiti sai na tsinci takardar da Tumini ta cusa mini a ƙugu. Jin kunya ne ya sa ta, na sani. Ta ce a jami'a akwai ɗakin da ɗalibai masu koyon wannan aikin suke ganin yara ranar Asabar, malamarsu tana kallo, kuma abin da ka iya shi za ka saka a akwati.

Wato su koyi aski a kan jikata. Yara masu majina su gyara mai majina. Allah wadai.

Asabar za mu je. Harni Lahadi.

Asabar, 29 ga wata, bayan Azahar

Motar haya biyu muka hau. Ɗakin ba sanyi, ba furen roba, tabarma ce da kwandon kayan wasa. Wadda ta karɓe mu sunanta Mbak Galuh, 'yar ƙarama, da waya a haƙoranta. Na ce a raina wadda ba ta gama gyara bakinta ba ita za ta gyara kan mutum. Malamarta, wata mai furfura, ta zauna a kusurwa tana kallo.

Galuh ba ta tambayi suna ba. Zama ta yi a ƙasa tana jera 'yan tsana kamar ba ta ga kowa ba, har jikata ta matso da kanta. Suka gina gida da katako. Galuh ta ɗauki jirgin sama na roba ta sauke shi a ƙofar gidan, ta fito da 'yar tsana mace, ta ce wannan daga nesa ta zo, me za ta yi?

Jikata ta ce za ta ƙwanƙwasa ta kira 'yarta.

Galuh ta ce sai me?

"Sai ba wanda ya amsa, don an jefa ta a ruwa. Sai Ibu ta ce ba gidan ba ne. Sai ta koma jirgi."

Ibu, uwarta take nufi. Shi ya sa take zaman bakin ƙofa. Kwana goma sha shida tana gadi, don in uwar ta zo ta yi mata bayani kafin ta juya. Shi ya sa take gudun waya, kar uwar ta kira sunan ta ji ba kowa.

Ni kuwa na dubi silin. Yana da tabon ruwa mai kama da akuya.

Da aka bar yarinyar da malamar, Galuh ta fito da ni baranda ta ce an ce ina rubuta littafi, ko za ta gani. Na ce rubutuna kamar kaza ta taka tawada. Ta ce ta saba. Na tsaya ina kallo tana karantawa, shafi bayan shafi. Da ta zo wurin aski da majina sai ta shafa hancinta ta ce, yau dai a bushe yake, Mbah. Da ƙasa ta tsage da na shige da tempe na.

Sannan ta ce rashin zaman nan ba ni na kawo shi ba, kuma ba suna ba ne. Haka kan yarinyar yake tafiya, da gudu, ga kuma kewar uwa a kai. Za a koya mata, a koya mini, a rubuta wa malamar ajinsu yadda za ta yi da ƙararrawa. Asabar goma sha biyu da farko, kuma kar in saki ranar babban asibiti, don likita ma yana da nasa. Ta rubuta takarda, mai furfurar ta sa hannu.

"Amma tsoron ƙofar nan, Mbah, ba mu za mu cire shi ba. Wa ya jefa sunan?"

Na ce ruwa ne ya tafi da shi.

Ta ce, "To wa ya san hanyar ruwan?"

Na saka abin da na iya a akwati, na ɗora tempe goma a kai.

Asabar ɗin dai, gab da Magariba

Na aiki yarinyar kantin Darmi sayen gishirin da nake da shi. Kafin ta dawo na je rafi na dawo, zanena a jiƙe har gwiwa.

Na ce, Nduk, ɗauko matatar mai, na ji labari teku ta gaji. Wai sunan ya yi wa kifaye tsawo, ya naɗe wa wani babban kifi wuya, sarkinsu ya ce a mayar wa masu shi. Muka je wurin da ake tare ruwa da katako. Ga ƙunshin nan maƙale a ciyawa. Ta kamo shi da matata.

Ta juya shi ta ce, "Mbah, wannan ganyen sabo ne."

Na ce ai ba a dawowa daga tafiya da tsohuwar riga.

Ta buɗe, ta bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce na manta harafi ɗaya a tsakiya. Na ce kifi ya ci. Ta dube ni irin kallon da uwarta take mini. Ta san ƙarya nake. Ta ninke takardar ta cusa a aljihu, ta dafe da hannu har gida.

A hanya na ce mata, ba da muryar labari ba, ko da sunanki ya tafi teku da gaske, uwarki da ƙafarki kawai za ta gane ki. Ni ce na yi wauta. Muka isa gida. Ta ci shinkafa faranti biyu.

Lahadi, 30 ga wata, bayan La'asar

Harni ta iso da motar haya da jaka babu komai a ciki. Ta goge kujerata da hankici kafin ta zauna. Na kira Sulis, na jingina wayar da tulun shayi yadda za ta ga kowa, na faɗi duka: kunu, liman, ganyen ayaba, ban-ɗaki. Ban sa gishiri ba, karo na farko a rayuwata. Na nuna takardar Galuh.

Harni ta ce ɗalibai ne fa, kuma ga irin hannun da aka bar yarinya a ciki. Na gyaɗa kai, don gaskiya ko a bakin Harni ta fito gaskiya ce.

Sulis ta matso da fuskarta kusa da waya. Sai ta ce a juya wayar tsakar gida. Ta kira sunan cikakke, duk ukun.

Daga saman gwaba aka ce, "Na'am, Ibu."

Ta diro, ta take ƙafar Harni, ta ture shayi, ta ƙwace waya, ta fito da takardar tana nuna wa uwar inda kifi ya ci. Sau goma sha ɗaya ta zagaya tsakar gida, na ƙirga.

Da waya ta dawo hannuna Sulis ta share fuska ta ce a bar ta har Asabar goma sha biyun su cika, sannan a sake magana. Ta ce, Bude, in Mak ta ƙara jefa ko da ɓawon gyaɗa a ruwa, ki zo ba sai na kira ba. Harni ta tafi da jakarta yadda ta zo da ita, da tempe ashirin da ba ta biya ba.

Na ce wa Sulis to yanzu sunan Tentrem fa? An yi masa kunu, gida bakwai sun sha, liman ya yi addu'a, ba a zubar da suna haka kawai.

Ta ce, "Ke ki ɗauka, Mak. Ke kika fi bukata."

Litinin, 31 ga wata, da hantsi

Mbak Galuh, tunda ke za ki karanta, ga na yau. Ta tashi, ta zubar da shayi, ta hau gwaba da kayan makaranta, ta tauna facin da na saka. A ƙofar makaranta ta yi kuka, amma gajere. Da na juya zan tafi sai ta kamo zanena ta ce in tsaya nan inda za ta hango ni ta taga har a gama ƙararrawar farko.

Na ce, Nduk, mai yana kan wuta, masu saye suna jira, Darmi za ta kwashe mini ciniki.

Ta ɗaga yatsa kamar malamarsu ta ce, "Mbah Tentrem. Zauna wuri ɗaya."

Na zauna. Minti goma sha biyar cur. Ki rubuta wa likita, wuya gare shi.